Yawon keke daga Rothenburg zuwa kwarin Ries a Jamus: kwana biyar za su isa?

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kudancin Jamus a kan keke. Ina da hutun kwana biyar a tsakiyar watan Yuni. Niyyata in hau jirgin ƙasa daga Augsburg zuwa Rothenburg ob der Tauber, daga can in tako keke in yi kudu ta Dinkelsbühl da Nördlingen da Harburg, in ƙare a Donauwörth in sake shiga jirgi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Ries, kwarin nan da aka ce dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi, garin Nördlingen kuma yana zaune a cikinsa.

Keken na hannu ne. Taya inci 28, faɗinta milimita 37, giya uku a gaba (haƙora 48, 38 da 28), takwas a baya (daga 11 zuwa 32), birkinsa na roba ne mai kama rim. Nauyina kilo 75, kaya kuma jaka biyu ne a kariya, ba tanti.

Yaya zan raba kwanakin? A ina mutum zai tsaya ya ga ramin da idonsa, don duk hotunan da nake gani gonaki ne kawai a shimfiɗe? Keken zai kai a haka, ko sai na canza wani abu? Sannan ƙaramin ramin nan na Steinheim, ya cancanci a ware masa rana? Na gode.

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam. Malam, kwana biyar sun isa, amma da sharaɗi: kada ka raba su daidai-wa-daida tsakanin garuruwan. Yawancin masu bin wannan hanya zango kawai suke ɗaukar Nördlingen, a iso da la'asar, a zaga ganuwa, a kwana, gari na wayewa a miƙe Harburg. Wanda ya yi haka ya ratsa ramin tun daga arewa har kudu bai san ya shiga ba, balle ya san ya fita. Dare biyu za ka ba Nördlingen, ka sauke jakunkuna a masauki, ka yi yawon ramin da keke ba kaya.

Ranar farko ta jirgi ce da Rothenburg. Daga Augsburg sai da canji, na ƙarshe a Steinach, inda ɗan ƙaramin jirgi yake ƙarasawa da mutane cikin kamar minti 15. Tashar a kan tudu take, daidai da garin, don haka babu hawa. Cikin ganuwa tura keken za ka yi da hannu, daɓen dutse ne ko'ina, ga 'yan yawon buɗe ido cunkus daga hantsi har la'asar. Garin ya fi daɗin gani bayan ƙarfe shida, in manyan motocinsu sun kwashe su. In kana son gangarawa kwarin kogin Tauber ka hango garin daga ƙasa, ka bar kaya a masauki, don dawowar hawa ce a tsaye.

Rana ta biyu ita ce mai wuya: Rothenburg zuwa Dinkelsbühl ta Schillingsfürst da Feuchtwangen, kilomita 55 zuwa 60 a hanyar keke, duk da cewa titin mota ya fi haka gajarta. Rothenburg na kan tsayin mita 430 ko kusa da haka, Schillingsfürst ta haura 500, kuma ba hawa guda ba ce, hau-sauka ce har ka isa. A nan ruwa yake rabuwa: na arewa ya bi Tauber da Main ya shiga Rhine, na kudu ya bi Wörnitz ya shiga Danube. Wörnitz ɗin a Schillingsfürst take ɓuɓɓugowa, ka riƙe sunanta, don za ka yi ta haɗuwa da ita har Donauwörth. Ka tashi ƙarfe takwas, ka ƙiyasta kilomita 14 ko 15 a awa da kaya, ka ƙara awa biyu na tsaye-tsaye. Dinkelsbühl ba ta da jirgin fasinja na yau da kullum, saboda haka in keke ya lalace a wannan tsakanin, tashar da za ka nufa ita ce Dombühl, kusa da Schillingsfürst.

Rana ta uku, Dinkelsbühl zuwa Nördlingen, kamar kilomita 40 in ka bi alamun Romantische Straße, hanyar yawon buɗe ido da ta haɗa garuruwan nan, ta Maihingen da Wallerstein. Kada ka yarda wayarka ta ɗora ka kan titin B25 wai don ya fi kusa, tireloli ne a kansa wuni guda. Alamun keke farare ne da koren rubutu, da ɗan ƙaramin allon sunan hanya rataye a ƙasa. Wajen Fremdingen akwai tuddai da kurmi, kana fita daga cikinsu sai ƙasa ta buɗe a gabanka, hasumiyar Nördlingen can nesa a tsakiyar gonaki. To ka tsallake bakin ramin ke nan. Ka yi ƙoƙari ka iso kafin ƙarfe biyu, don yammacin ranar na hasumiya ne da gidan tarihi, kuma gidan tarihin ba ya buɗewa ranar Litinin, ka lissafa kwanakinka da wannan.

Rana ta huɗu yawon rami, wannan na bar wa Hajiya Duwatsu ta wannan zaure, ita ta san duwatsun. Rana ta biyar Nördlingen zuwa Donauwörth, ba ta kai kilomita 40 ba, kusan duk shimfiɗe. A Harburg ne Wörnitz ta huda bakin ramin ta kudu ta fice, gidan sarautar yana bisa dutse a kan mashigar, an ambace shi a rubuce tun 1150. Ka ɗaure keke a ƙasa kusa da gadar dutse ka hau da ƙafa.

Abu guda da taswira ba ta nunawa: iska. Cikin Ries gonakin alkama ne da masara da gwozar sukari, itatuwa kaɗan, kuma iskar yankin galibi daga yamma ko kudu maso yamma take zuwa. Nördlingen tana ɓangaren kudu maso yammacin ramin, ke nan duk wanda ya yi gabas da safe, iska ce za ta tarye shi a dawowa. Mai tafiya kilomita 20 a awa sai ya koma 12. Ka fita da sassafe, ka dawo kafin ta yi ƙarfi da yamma. In ta fi ƙarfinka, ka karkata kudu zuwa tashar Möttingen ko Hoppingen, jirgin Donauwörth zuwa Nördlingen yana tsayawa a can.

Hajiya Duwatsu:

Ƙanena, hotunan ba su yi maka ƙarya ba, kuma dalilin yana cikin tarihin wurin. Dutsen ya faɗo kimanin shekara miliyan 14.8 da suka wuce, faɗinsa kilomita ɗaya ko ya ɗan fi, gudunsa wajen kilomita 20 a daƙiƙa. Ramin farko mai zurfi ne ƙwarai, faɗinsa kamar kilomita 12, amma bai tsaya a haka ba: gefunansa suka zaftare ciki, ƙasan ya ɗago, ya buɗe ya kai kilomita 24 zuwa 25. Daga baya ruwa ya cika shi ya zama tafki, laka ta yi ta kwanciya har ɗaruruwan mita. Abin da ya rage yau kamar faranti yake, tsakiya a baje, baki ya ɗaga mita 100 zuwa 150 kawai. Mita 150 a nisan kilomita 12 ba wani abu ba ne a ido, shi ya sa in kana tsakiya sai ka ɗauka tuddai ne irin na ko'ina. Sai ka hau sama, ko ka je inda aka yanka ƙasa.

Fara da hasumiyar cocin St. Georg, wadda mutanen garin suke kira Daniel. Tsayinta mita 90, matakala wajen 350, ana biyan 'yan kuɗi a sama wurin mai gadi, ka riƙe tsaba a aljihu. Daga can za ka ga rufin gidaje jajaye a cikin da'irar ganuwa, gonaki, sannan layin kurmi mai duhu ya kewaye sararin gaba ɗaya ba yankewa. Wannan layin shi ne bakin ramin. Da yamma ya fi fitowa in rana ta karkata. Kafin ka hau, ka tsaya a jikin bangon cocin ka duba da kyau. Dutsen toka-toka ne, mai ƙananan ramuka, a cikinsa akwai gutsattsarin fari da ruwan hoda na dutsen can ƙarƙashin ƙasa, da wasu baƙaƙen ɗigo masu tsawo, wasu kamar yatsa wasu kamar tafin hannu, a lanƙwashe. Waɗannan baƙaƙen narkakken dutse ne da ya tashi sama ya daskare ya zama gilashi. Sunan dutsen suevite, da shi aka gina cocin tsakanin 1427 da 1505, magina ba su san abin da suke sassaƙawa ba. Har zuwa 1960 dutse mai aman wuta ake zargi. A shekarar ne wasu masana daga Amurka, Eugene Shoemaker da Edward Chao, suka samu ma'adinin coesite a cikin suevite na mahaƙar Otting, shi kuwa ba ya samuwa a saman ƙasa sai da matsi irin wanda aman wuta ba ya kaiwa. Za ka ji ana cewa bangon garin cike yake da lu'ulu'u. Gaskiya ne, amma ƙwayar ba ta kai milimita 0.2 ba, kada ka ɓata lokaci kana leƙe.

Gidan tarihin RiesKraterMuseum yana cikin wani tsohon rumbu na 1503, an buɗe shi a 1990, awa ɗaya da rabi ta ishe ka. Akwai gutsuren dutsen wata da 'yan Apollo 16 suka kawo, an ba gidan tarihin aro, saboda a watan Agusta na 1970 'yan sama-jannatin Apollo 14 sun zo nan sun koyi gane irin waɗannan duwatsu kafin tafiyarsu. Ka karɓi taswirar wuraren kallo a can ko a ofishin baƙi. Tun 2022 yankin yana cikin jerin wuraren tarihin ƙasa na UNESCO, don haka akwai allunan bayani a kusan kowace mahaƙa, sai dai galibi da Jamusanci.

Yawo biyu ne, ba kuma ɗaya suke a wurina ba.

Gajeren, na kudu maso yamma, kilomita 25 zuwa 30, shi ne wanda ba a bari. Daga ƙofar Berger Tor ka nufi Holheim, kilomita huɗu ko biyar. A nan akwai tsohuwar mahaƙar Lindle, da tudun Riegelberg. Riegelberg ɗin kansa ɓangare ne na farar ƙasa mai girman tsauni da ya ɓalle ya zame lokacin da gefen ramin ya zaftare. A jikinsa kogunan Ofnet suke, inda a 1908 aka tono ƙoƙunan kan mutane 33 a jere cikin jan ƙasa, suna fuskantar yamma, shekarunsu sun kai 8,000. A gindin tudun akwai harsashin gidan gona na Rumawa. Keke ba ya hawa har kogon, ka ɗaure shi a ƙasa, tafiyar minti goma ce, dutsen yana santsi in an yi ruwa. Daga saman tudun kana kallon cikin ramin har wancan bakin. Ka wuce Altenbürg, tsohuwar mahaƙar suevite a cikin kurmi, inda ake kyautata zaton daga nan aka ɗebo dutsen cocin. A jikin bangonta za ka ga suevite a tsaye tsakanin ɓangarorin farar ƙasa biyu, abin da ya sa masanan dā suka ɗauka bututun aman wuta ne. Sai Ederheim da Hürnheim, ka hau Albuch, tudun da aka gwabza yaƙin Nördlingen a kansa a watan Satumba na 1634, sojojin Suwidin suka sha kashi. Ka gangaro ta Reimlingen. Hawa gajeru ne amma a tsaye, wani wurin tsakuwa ce ba kwalta ba.

Dogon, na arewa da gabas, kilomita 60 zuwa 65: Wallerstein, Oettingen, Wemding, Alerheim, Deiningen, gida. Dutsen da ke tsakiyar Wallerstein da tudun Wennenberg kusa da Alerheim duk suna kan zoben ciki, wato bakin ramin farko, ka hau ɗaya daga cikinsu ka gane girman na ciki da na waje. Amma abin da ya sa ake wannan zagaye shi ne mahaƙar Aumühle, arewa maso gabas da Oettingen. A bango ɗaya za ka ga kashi biyu: a ƙasa yumɓu da duwatsu a cakuɗe, ja da ruwan ƙasa, waɗanda aka watso a daƙiƙun farko, a samansu suevite toka-toka da ya sauko daga gajimaren zafi bayan 'yan mintuna, layin da ya raba su a fili. Ana aiki a mahaƙar, ka tsaya inda allon bayani yake, ba a shiga sai da izini, kuma ba a tsayawa a gindin bango. A Oettingen ka ɗaga kai, farar shamuwa ce a kan rufin gidaje, wasu daga cikin irinta har yankin Sahel suke zuwa cin rani.

In ƙafafunka sun yarda, yi gajeren da yammacin rana ta uku, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, dogon kuma rana ta huɗu. In ɗaya kawai za ka iya, gajeren.

Ga 'yan'uwanmu na Kumasi da ke karantawa: tafkin Bosumtwi irin wannan rami ne, faɗinsa kilomita 10.5, shekarunsa miliyan ɗaya da 'yan kai, akwai suevite a gefensa. Shi bai cika da laka ba tukuna, don haka yana nuna yadda Ries ya kasance zamanin da yake tafki.

Oga Bakanike:

Yallaɓai, keken zai kai. Giyarka mafi taushi ita ce 28 a gaba, 32 a baya. Tayarka tana cin kamar mita 2.2 a juyi guda, ke nan kowane zagayen feda mita 1.9. In kana juya feda sau 70 a minti, kilomita 8 a awa ke nan, ya isa hawan Schillingsfürst da na Albuch matuƙar kayan ba su wuce kilo 12 zuwa 15 ba. Ba sai ka canza haƙora ba. Abin da ke kashe gwiwa shi ne jinkirin sauke giya: ka sauke tun kafin hawan ya kama ka, kana sassauta ƙafa lokacin canjin. In ka canza kana danne da feda, sarƙa ta yi ƙara, wata rana ta tsinke.

Matsalar keken hannu ba giya ba ce, abubuwa huɗu ne, kuma mako biyu kafin tafiya ake duba su, don shagunan keke a Jamus cike suke a watan Yuni, sai a ba ka ranar da ta wuce hutunka.

Sarƙa tukuna. Ka ja ta ta miƙe, ka auna gaɓa 10 cikakku, wato daga tsakiyar fil na 1 zuwa tsakiyar fil na 21. Sabuwa milimita 254 ce. In ta kai 256, canza. In ta wuce haka sosai, ta riga ta cinye haƙoran baya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu duk lokacin da ka danna, sai dai ka canza su tare.

Robar birki: in tsagin jikinta ya shafe, ta ƙare. Ka cire ta ka duba fuskarta, sau da yawa za ka ga ɓurɓushin ƙarfe ya nutse a ciki yana gurzar rim, ka cire da tsinin wuƙa. Ka shafa gefen rim da yatsa, in ya lotsa ciki sosai, kai wa makanike ya gani, don rim ɗin da ya sirance yana iya tsagewa a gangara. In ruwa ya jiƙa rim, birkin roba ba ya kamawa a juyin farko, ka fara matsawa da wuri.

Wayoyin tayar baya: ka matsa su bibbiyu da hannu ka zagaye tayar. Wadda ta saki ita ce za ta ja maƙwabciyarta ta karye, kuma kusan kullum a gefen sarƙa ake karyewa, inda ba ka iya sa sabuwa sai an cire haƙoran. In ta karye a hanya, naɗe ta a jikin ta kusa, ka buɗe birkin baya kaɗan don kada rim ya riƙa gogawa, ka lallaɓa zuwa gari.

Na huɗu kusoshin kariya. Daɓen dutsen Rothenburg da Dinkelsbühl da Nördlingen yana kwance su a hankali. Ƙananan kusoshi ne masu lamba M5, ka sa musu ɗigon man ɗaure kusa mai launin shuɗi, ka riƙe biyu na ajiya, ka taɓa su da makulli kowace safiya. In guda ta faɗi, ɗayar ce take ɗaukar nauyin duka ta karye a cikin ramin, wannan kuwa ba gyaran bakin hanya ba ne.

Iska: da nauyinka da kayanka, a taya mai milimita 37 ka sa kamar bar 4.5 a baya, 4 a gaba, kada ka wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. In ta yi ƙasa da 3, kana dukan bakin dakali sai rim ya tsunkule tib, ka ga huda biyu a jere. Wannan alamar ƙarancin iska ce, kada ka tsaya neman ƙaya. Ka duba bawul ɗinka ma, iri uku ne a Jamus, kuma kekunan gari da yawa suna da tsohon irin nan na Dunlop, ka tabbata famfonka yana kama shi tun a gida. Ka ɗauki tib biyu, kayan faci, ƙarfen cire taya biyu, makullan alan masu lamba 3, 4, 5 da 6, mahaɗin sarƙa na giya takwas da abin yanke ta, ɗan man sarƙa da tsumma. Wajen faci, a hanya tib kawai za ka canza, facin ka bari sai masauki. Ka kankare wurin, ka shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, ka jira minti biyar ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ita ke sa faci ya ɗago. Kafin ka mayar da tib, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali, in ba haka ba abin da ya huda na farko zai huda na biyu.

Ka raba nauyin jakunkuna daidai, mai nauyi a ƙasa, ka ja su baya yadda diddigenka ba zai taɓa ba. Ka yi gwaji na kilomita 40 da cikakken kaya kafin ranar, a nan sirdi zai gaya maka gaskiyarsa.

Sabon Mahayi:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Oga. Na auna sarƙar, ta kai 257, gobe zan kai shi shago. Saura maganar Steinheim, da shiga jirgi da keke, da abinci da salla a ƙauyukan nan.

Bazazzagi:

Amin. Malam Mai Taswira, a yi mini afuwa, ina da ja a wuri biyu. Na farko, mai sabon hawa da kaya ba dole ne ya bi tuddan Fremdingen ba. Daga Dinkelsbühl yana iya bin Wörnitz ta Wassertrüdingen, a gindin tsaunin Hesselberg, ya shiga ramin ta Auhausen da Oettingen inda kogin ya huda bakin arewa. Ya fi tsawo, wajen kilomita 55 har Nördlingen, amma kusan babu hawa, kuma Aumühle tana kan hanya, ke nan ya rage wa dogon zagayen Hajiya aiki. Illarsa biyu: ba zai samu wancan hangen daga sama ba, sannan Wörnitz kogi ne mai saurin malala a fadama, in an kwana biyu ana ruwa wasu sassan hanyar keken suna nutsewa.

Na biyu, Steinheim. Sabon Mahayi, a tsarin da aka ba ka ba ta shiga, sai ka sadaukar da Rothenburg. In garuruwa ne suka kawo ka, bar Steinheim. In rami ne, ni Rothenburg zan bari, don Dinkelsbühl da Nördlingen sun ishe ka ganuwa da tsofaffin gidaje, ta Nördlingen ma ita ce ake zagayewa a kanta gaba ɗaya, kilomita 2.6 da ƙofofi biyar. Steinheim tana da abin da Ries ba shi da shi: faɗinta bai kai kilomita huɗu ba, kana tsaye a Burgstall kusa da Sontheim kana ganin da'irar duka da tudun tsakiya mai tsayin mita 50, kuma akwai ƙaramin gidan tarihi a Sontheim ɗin. An daɗe ana cewa rana ɗaya aka haƙa ramukan biyu, wani bincike na 2020 ya ce Steinheim ta zo daga baya da kusan shekara 500,000, masana ba su gama muhawara ba. Daga Nördlingen ta Neresheim da Heidenheim kilomita 50 da ɗoriya ne, a kan tudun da ya haura mita 600, ƙasar farar ƙasa ce mai shanye ruwa, ƙauyuka nesa da juna, ka ɗauki lita biyu. Dawowa ka hau jirgi daga Heidenheim zuwa Aalen, ka canza zuwa Nördlingen.

Jirgi: a jihar Bavariya, inda hanyarka take, keke yana da tikitinsa na yini daban, Deutschlandticket, tikitin wata na jiragen yanki, ba ta ɗauke shi. A jiragen yanki ba a kama wa keke wuri, ka nemi taragon da ke da hoton keke, ka cire jakunkuna. Keken guragu da na jarirai suna gaba da naka, in an cika kwandasta yana da ikon ya ce ka jira na gaba, don haka guji safiyar Asabar mai rana. A kan hanya: allo shuɗi mai da'ira da hoton keke yana nufin dole ka bi hanyar keken. A mararrabar da ba alama, na hannun dama ke da hanya, a ƙauyuka ana kiyaye wannan sosai. Riƙe waya kana tuƙi tarar Yuro 55 ce. Fitila fara a gaba, ja a baya, da ƙararrawa, doka ce. Hular kwano ba doka ba ce, amma ka sa.

Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, a Bavariya kuma ƙarfe takwas na dare ake rufewa sauran ranaku. Ka duba ko hutun Fronleichnam, wanda kullum Alhamis yake faɗowa, ya shiga kwanakinka. Masauki ka nemi mai alamar Bett+Bike, suna karɓar mai kwana ɗaya kuma suna da ɗakin kulle keke, ka kama na Rothenburg da Dinkelsbühl tun yanzu.

Abinci: Schwein, Schinken, Speck da Schmalz duk alade ne ko kitsensa. Maultaschen, taliyar da ake naɗe nama a cikinta, galibi naman alade ne a ciki. Käsespätzle taliya ce da cuku da albasa, ka ce kada a barbaɗa Speck. Wasu gidajen burodi suna sa kitsen alade a Brezel, tambaya ba laifi ba ce. In an miƙo maka Radler a matsayin abin kashe ƙishi, barasa ce aka gauraya da lemo, Apfelschorle za ka nema, wato ruwan tuffa da aka gauraya da ruwa mai gas. Shagunan Turkawa suna nan a manyan garuruwan, akwai masallatansu a Aalen da Heidenheim da Donauwörth. A tsakiyar Yuni rana tana fitowa wajen biyar da kwata, azahar wajen ɗaya da minti ashirin, magariba sai bayan tara da kwata, isha ta yi nisa cikin dare, barcin dare gajere ne, ka sa ɗan ƙailula a lissafin tafiyarka. Ruwan famfon gida ana sha, na maƙabarta da na tsakiyar gari in an rubuta Kein Trinkwasser na alwala ne kawai.

In ka yi salla ko ka huta a kan ciyawa, musamman wajen Riegelberg da Altenbürg, ka duba jikinka da dare, bayan gwiwa da ƙugu da hammata. Jihohin Bavariya da Baden-Württemberg yankin kaska ne mai ɗauke da cutar FSME, mai iya kumbura ƙwaƙwalwa, da ta Lyme. Kantin magani suna sayar da ɗan katin cire ta, a kama ta dab da fata a ja a hankali, ba a matsa cikinta, ba a sa mata mai. In bayan kwanaki ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin cizon, ko zazzaɓi, ka je wurin likita ka gaya masa ranar da ta cije ka.